Layin da Yaya Ɗanlami Ya Bar wa Rabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Ɗanlami mai goro, amma sai a watan jiya na ji maganar da ta girgiza ni a kan mutuwarsa. Na ɗauka na gama kukan Yaya. Ashe da saura.

A Agege ta Legas aka haife mu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai cika baki da lafiyarsa. Ya haura saba'in, amma sai ya diro daga danfo, motar haya, tun ba ta gama tsayawa ba, ya wanke kwandasta tas da Yarbanci, ya dawo gida yana ba mu labari kamar wanda ya ci yaƙi. Duk abin da za a raba a gidansa, nama ne ko magani, tsarinsa ɗaya ne: mata da yara tukuna, namiji ya jira. Haka ya taso ya ga ana yi, mu ma da haka muke yabonsa.

Da allurar korona ta zo, tare suka je da autarsa Rabi. Bayan ta farko Rabi ta kwanta da zazzaɓi, hannu ya yi tsami, ko kofi ba ta iya ɗagawa. Yaya kuwa ko gezau, washegari yana kasuwa yana kwance huhun goro. "Kin gani ko, Ladi?" ya ce mini. "Jikin mata ke nan. Ni cizon sauro ma ya fi ta zafi." Na yi dariya, na ce Allah ya bar mana ƙarfen gida.

Ranar allura ta biyu layi ya yi tsawo. Suna isowa gaba, ma'aikaciyar ta ce ta mutum ɗaya ta rage, saura su dawo wani lokaci. Yaya ne a gaba. Ya matsa gefe ya tura Rabi, ya ce a ba yarinyar, ita ce mai rauni, shi ya dawo daga baya. Bai koma ba. Dattijon unguwa ne, ba a ɗaurin aure ko ta'aziyya ba shi, kuma a ganinsa jikin da bai ji allura ba ai ba ya neman ƙari. Sai tari ya kama shi, numfashi ya fara gagara, asibiti suka ce korona ce. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne.

A sunan ɗan Rabi ne muna yanka albasa a tsakar gida, na ɗauko labarin layin nan ina alfahari. Mulikat, matar ɗan maƙwabcinmu, nas ce, sai na ga ta ajiye wuƙa.

"Alhaja, Baba ne ya bar mata? Shi da shekarunsa?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"Kai, wahala! Ai shi ya fi buƙata. Allura jiki take koya wa ya haɗa sojojin da za su tare cuta a jini. Yawanci jikin tsoho ba ya haɗa su da yawa kamar na matashi, na namiji kuma yakan gaza na mace. Ta biyun ce ke ɗaga irinsu Baba. Rashin zazzaɓi ba shaidar ƙarfi ba ne, Alhaja."

Na tambaye ta ko da ya karɓa da ya rayu. Ta ce wannan sai Allah, ba za ta yi mini ƙarya ba. Abin da ta sani kawai, a cikin mutum biyun nan, tsohon ne ya kamata a fara yi wa. Rabi tana ɗaki ana yi mata kwalliya, ina jin dariyarta, ni kuma na fake da albasa ina hawaye.

Tun ranar nake mamakinmu. Gida guda, manya da yara, muka dubi mace matashiya muka ce ita ce abin tausayi, muka dubi tsoho muka ce ƙarfe ne, don kawai namiji ne kuma ba ya raki. Ba wanda ya kama hannunsa ya mayar da shi. Har yau nakan ga tsofaffin unguwarmu a asibiti suna ja da baya, suna cewa a fara da mata, ana sa musu albarka. Yanzu in na gani sai in tuna Yaya. Ku da ke da tsoho a gida, ku daina yarda da cika bakinsa, ku kai shi gaba ko yana faɗa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ji bayanin Mulikat. Zai fara da musu, wannan ba shakka. Zai ce yaran zamani sun cika kinibibi, har jini sun raba na maza da na mata. Daga baya zai sauko, don ba ya ƙin gaskiya in ta fito fili. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san yayana. Ko da a layin nan aka gaya masa cewa shi ne a bakin haɗari, zai saurara da kyau, ya yi godiya, sannan ya ce a ba Rabi.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa kana layin gaba.