Ranar da Malam Hadi Ya Sa Bel a Bayansa

A watan Sha'aban ɗin nan maigidana, Malam Hadi, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. A sakatariyar Ajingi yake aiki, kullum daga Gaya yake zuwa ya dawo, kuma duk wanda ya san shi ya san motarsa. 'Yar Beljiyam ce, ba kyan gani, amma ƙirar kamfanin nan ce da ya yi suna wajen kare ran wanda ke ciki. In abokansa suka tsokane shi wai akwati ya saya, sai ya bubbuga ƙofar ya ce, "Ku kun sayi kyau, ni na sayi ƙarfe." Ba ya tayar da ita sai ya ɗaura bel. In ma ya manta, ita ba ta mantawa, ta dinga ƙara ke nan kamar jariri mai jin yunwa.

Ranar da zai rasu, ɗaurin aure za shi Kademi. Tun safe nake fama da babbar rigarsa, farar shadda mai sitaci, na goge ta har tana ɗaukar ido. Na leƙo ta zaure na ga ya jawo bel, sai na ce, "Haba Malam, igiyar nan za ta yamutsa min aikina kafin ka isa." Ya yi dariya, ya zagaya da bel ɗin ta bayansa ya maƙala, yadda direbobin hanyarmu ke yi don mota ta yi shiru. "To ranki ya daɗe, kin huta?" Na ce na huta.

Bai kai Kademi ba. Taya ta fashe, motar ta wuntsila. Jakar iska ta buɗe, rufi bai lotsa ba, amma shi a cikin gonar gyaɗa aka tsince shi. Waɗanda suka kai ɗauki sun ga bel a maƙale, sai labari ya bazu cewa ya ɗaura, bai hana komai ba. A zaman makoki ina ji ana cewa, "Ina motar da ake kurantawa? Ashe duk bogi ne." Na sunkuyar da kai, na bar mota ta ɗauki laifin. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma yarda. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma har yau in na ɗauki dutsen guga sai maganar nan tawa ta dawo min.

Da Malam zai ga motocin yanzu, masu taka birki da kansu, da ya cika mana kunne da yabo. Sai dai in ya leƙa tashar Ajingi ranar kasuwa, zai tarar bel na nan a bayan direba yadda ya bar shi.

Ɗan farinmu, wanda kunya ba ta barina in kama sunansa, yanzu bas yake ja zuwa Kano. Rannan na roƙe shi ya riƙa ɗaura bel. Ya ce, "Umma, Baba da ya ɗaura, me ya yi masa?"

Malam bai bar mana dukiya ba, taka-tsantsan ya bari, shirun da na yi kuwa ya hana ɗansa wannan gadon. Ɗana, tunda na kasa faɗa maka ido da ido, ga shi a jarida. Babanka bai ɗaura ba. Sau ɗaya na taɓa ganin ya saki, don ya faranta min. Ka ji haushina in ka ga dama, amma gobe kafin ka tayar da mota, ka ɗaura.