Itacen Kabarin Baban Man-su

Ok Man-su ya tsufa yana sare itatuwan sonamu masu ganyen allura a duwatsun Geoje. Duk wanda cutar bushewa ta kama sai ya kayar da shi, ya daddatsa, ya zuba magani, ya lulluɓe da koren tamfol, don kada ƙwaron da ke ciki ya fito. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ko itacen gidan sirikinsa bai bari ba.

'Yarsa mai aikin binciken daji ta taɓa gaya masa cewa ƙwaro ke ɗauko tsutsa, tsutsa kuma tana tafe da ƙwayoyin cuta a jikinta, har yau masana na gardamar wane ne ke kisan. Ya ce su ƙarata can, shi dai gawa yake gani.

Ana gab da bikin kaka, lokacin da ake ziyarar kaburbura bayan girbi, ya hau gyaran kabarin babansu, sai ya ga reshe ɗaya ya yi ja a itacen da tsohon ya dasa da hannunsa. Ya huda ɓawon ya tsaya jira: in ƙaro ya tsattsafo, itace na da rai.

Wansa Du-sik, da ya zo taya shi gyaran, ya ce, "Kai dai ka cika neman magana. Kore shar ka ce ba shi da lafiya?"

"Yaya, makamashin can da ka tara bayan kabari, daga ina?"

"Daga inda ake samunsa."

Man-su ya juya gungume ɗaya. Duk hudar ƙwaro ce, ƙwarin sun riga sun fice. Ga yankan zartonsa a jiki.

"Tamfol ɗina ka buɗe?"

"In bar Inna ta daskare da sanyi, ga busasshen itace an rufe kamar kayan gado?"

Shi kuwa Man-su bai kai wa uwar tasu ko tsinke ba a hunturun da ya wuce. Ya koma ya sa yatsa a hudar da ya yi wa itacen. Bushe ƙayau. Ya jira har inuwa ta juya, sannan ya tada injin zarto yana hawaye. Ya kayar da itacen, ya daddatsa, ya lulluɓe da koren tamfol.

Ranar biki suka goyo Inna zuwa kabarin. Idonta ya yi rauni. Ta laluba inuwar da ta saba zama ba ta samu ba, sai ta hango koren tudu a gefen tudun kabarin mijinta.

"Man-su, wa kuka binne kusa da babanku ba ku gaya mini ba?"