Babanmu da farantin da ya yi wa kwanci

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana leƙa maƙogwaron mutane a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti. Ko baƙo aka yi a gida ya yi hamma, sai ka ga Baba ya miƙa wuya yana leƙe. Aikinsa shi ne ya dangwalo maƙogwaro da auduga a tsinke, ya shafa a wani faranti mai jinin tunkiya, ya saka a akwatin ɗumi har kwana biyu. Akwatin nan Kaza yake ce masa, don a cewarsa kwanci yake yi. Idan ƙwayar cutar da suke kira sitirep ce, za ta tsiro ta cinye jinin da ke kewaye da ita. Ya fi sanin halin ƙwayoyin nan a kan halinmu, mu da ya haifa, kuma abin yana ba ni haushi har yau.

Ana saura shekara guda ya ajiye aiki aka kawo gwajin gaggawa. Ɗan tsinken takarda ne, a tsoma a ruwan magani, minti goma ya nuna layi biyu in akwai cutar, layi ɗaya in babu. Sabuwar likita ta sa aka fitar da Kaza aka jibge ta bayan ɗakin wanki. Ranar Baba bai ci abinci ba.

Ana cikin haka ɗiyata mai shekara shida, wadda yake kira Amarya, ta kwanta da zazzaɓi. Ko ruwa ba ta iya haɗiyewa sai da kuka. Na kai ta asibitinsu, aka gwada, layi ɗaya ya fito. Likita ta ce mura ce. Baba ya leƙa bakin yarinyar ya daɗe, ya ce, “Likita, takardar nan takan yi kuskure a kan yara. In sitirep ce aka ƙyale ta, zuciya take sauka ta taɓa.” Likita ta ce ta sani, amma ba ta ba da magani a kan zato, kuma ga shi babu akwatin ɗumi.

Baba ya ce, “Ɗumi nawa ƙwayar take so? Na jikin mutum. To ni mene ne?”

Ya ɗauko faranti ɗaya da ya ɓoye a firij, ya dangwalo maƙogwaron yarinyar ya shafa, ya naɗe bakin farantin da filasta, ya ɗaure shi a tumbinsa da ɗankwalin Inna, mahaifiyarmu, da ya aika aka kawo masa. Haka ya dawo gida, riga uku, yana tafiya kamar mai ciki wata tara.

Kwana biyun nan mun ga ikon Allah. Ya hana a kunna fanka. Ya ƙi wanka. Sallah a zaune ya yi ta, wai kada ya tayar musu da hankali. Duk bayan awa guda sai ya cusa ma'aunin zafi a cibiya, in ya ga ya sauka ya ce a kawo shayi. Maƙwabcinmu tela ya shigo zai rungume shi, Baba ya daka masa tsawa, “Kai, ja da baya, akwai mutane a jikina!”

Inna ta ce, “Malam, ni na haifa maka bakwai ban yi wannan iyayin ba.”

Ya ce, “Naki bakwai ne. Nawa sun fi miliyan.”

Ni kam ban yi dariya ba. Yarinyata tana kwance jiki kamar garwashi, ubana kuma ya zama kaza. Na faɗa masa maganganun da har yanzu nake jin kunyarsu. Na ce kishin takarda yake yi, ya mayar da ciwon ɗiyata hanyar rama wulaƙancin akwati. Ya dube ni kawai, ya gyara ɗaurin ɗankwalin.

Da safiyar kwana na biyu muka tafi asibiti. Ya kwance ɗankwalin a gaban likita, ya ɗaga farantin wajen taga. Ɗigo-ɗigo farare sun cika shi, kowanne da zobe tas a kewaye, sun cinye jinin. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ja takarda ta rubuta magani.

Na zaci Baba zai yi kirari, ya ce a dawo da Kaza. Sai ya zauna a kan benci, hawaye na bin gemunsa. Na durƙusa na ce, “Baba, ai ka yi gaskiya.”

Ya ce, “Ke, kwana biyun nan roƙon Allah nake yi ya sa ni ne na yi kuskure. Tashi ki karɓo mata maganin.”