Ƙofar Ruwa

Tun kafin mu bar Bron, unguwarmu da ke gefen Lyon, gabana ke faɗuwa. Ruwa nake tsoro, ga yaron nan ba ya zama wuri ɗaya. Ɗan fari ne, shekara huɗu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta rungume shi gaban dangin miji.

Ƙanwar maigidana ce ta zo hutu daga Paris, inda take karatu. Ita ta ce mu je bayan Lyon mu ga tsohon injin niƙa da ruwa ke juyawa.

Ginin dutse ne a bakin rafi, gansakuka ta cinye gindinsa. An yanko ruwa ta wata siririyar hanya zuwa kan wata ƙafar katako mai siffar ta keke, da ta fi ɗaki tsayi. A ciki, haƙoran itace na cizon juna, dutsen sama na juyawa kan na ƙasa, alkama na gangarowa daga akwati kaɗan-kaɗan. Ƙamshin garin ya tuna min dutsen niƙan kakata a Maradi. Na buɗe baki in gaya wa yaron, sai na ga yana saɓe a kafaɗar gwaggonsa, tana fassara masa maganar dattijon da ke kula da wurin.

Dattijon ya ce yaro ya zo da babba ɗaya su ɗaga ƙofar da ke tare ruwan. Ya waigo ya dube ni. Wallahi ni ya fara duba. Na sunkuyar da kai yadda aka koya min.

"Anti, kunyar ƙauye har Faransa?" in ji gwaggonsa tana dariya. "Zo, ɗana, mu je."

Suka murɗa ƙarfen ɗaga ƙofar tare. Ruwa ya kwararo, ƙafar ta yi ƙara ta soma juyawa, ƙasa na rawa ƙarƙashina. Yaron ya yi wata dariya da ban taɓa ji ba, ya cusa fuska a wuyanta. Ni ina jikin bango riƙe da rigar sanyinsa.

A mota a cinyarta ya yi barci. Ba ta yi min laifin komai ba, amma da ta miƙo min ƙullin garin da aka ba shi, na ce ta riƙe.

Don Allah, in ɗan wata ya ga abin mamaki yana hannunki, ki sauke shi, ki ce ya je ya gaya wa uwarsa. Ba za ta iya roƙonki ba.