Barcin Hafsa sai da turmi

Jiya ƙarfe tara da kwata na dare ina tsakar gida, ɗiyata Hafsa a bayana, ina dakan gero. Ni da na gama digiri wata biyu da suka wuce!

Tun da aka dawo da ita Tambuwal daga yaye wurin Innata a Kebbe, kwana goma sha ɗaya ba ta yi barci kafin ƙarfe ɗaya ba. Na rubuta duk abin da ta ci, na kai ta asibiti, aka ce lafiyarta lau. Ga intabiyun aiki ranar Litinin a Sakkwato, ko shafi ɗaya ban karanta ba.

Na kira Inna: "Don Allah mi kunka ba ta?"

"Ba mu ba ta komi ba, ɗiyata. Goya ta nika yi in yi daka, sai ta yi kwana."

Da na gwada, cikin minti bakwai ta yi barci. Na ajiye taɓarya, ta farka.

Iyaye mata, an yaye ta daga nono. Daga turmi fa, ya ake yi?