Liyaƙat Mai Sanin Fuskar Ɓauna

Faɗan da na yi da Liyaƙat a kan kunne ne, kunnen ɓauna.

Ɓaunayen tatsa biyu gare ni a lokacin, irin na gida da muke kiwo a ƙasarmu, Kali da Buri. Kali kaɗai na yi wa inshora, ita kamfani ya maƙala wa ɗan kunnen roba mai lamba. Sai ciwo ya zo ya tsallake Kali ya ɗauke Buri. Dokar kamfanin kuwa kowa ya san ta: in dabba ta mutu, ka yanko kunnen da lambarsa ka kai, a biya ka. Babu kunne, babu biya. Na ciro lambar daga kunnen Kali, na soka a na Buri, na yanke, na barbaɗa gishiri na ƙunshe a tsumma. Kali kuma na tura ta gidan 'yata a hayin kogi. Sannan na zauna na rusa kuka har maƙwabta suka taya ni.

Wanda kamfani ya turo bincike shi ne Liyaƙat ɗan Meher Din makiyayi, yaron da ni na yanke wa cibiya. Ya shigo da sabuwar riga, ya warware tsumman, ya daɗe yana kallon kunnen kamar mai karanta wasiƙa.

"Masi Sardaran," ya ce, don haka yara ke kirana, wato Inna Sardaran, "ina Kali?"

"Ga kunnenta a hannunka kana tambayata? Tana lahira, je ka gaishe ta."

"Kunnen Kali yana da tsaga tun ranar da waya ta karce ta. Wannan na Buri ne. Allah ya mayar miki da alheri, Masi."

"Kai, ɗan banzan yaro! Da hannun nan na fito da kai duniya. Da na san abin da za ka zama, da na mayar da kai inda ka fito!"

Ya sunkuyar da kai, ya rubuta abin da ya gani. Na bi shi da takalmi har bakin hanya.

Tun yana ƙarami ba a cika samun hankalinsa a inda jikinsa yake ba. In ubansa ya kora garke kogin Canab da sassafe, sai ya haye bayan wata ɓauna ya kwanta rigingine, ita tana iyo, shi yana kallon sama, hazo ya rufe su har sai ka rantse kogin ya tafi da su wata duniya. A aike shi sayen mazarƙwaila, a tarar da shi a gaban turken wani yana kallon idon dabba. Ya san wadda farin goshinta ya karkata dama, da wadda ƙahonta ya naɗe sau biyu, da mai ido ruwan toka kamar sararin damina. Ɓaunar da ya gani sau ɗaya ba ta sake ɓace masa. Mutane kuwa sai ya wuce kawunsa a hanya bai gane shi ba.

Da ƙyar ya gama makaranta. Shekara uku yana yawo da takardunsa a leda. Ya je aikin soja, suka auna ƙirjinsa suka yi dariya. Ya samu gadi a masana'antar sukari, aka kore shi saboda ya bar ƙofa a buɗe ya bi wasu shanun amalanke da kallo. Uwarsa Zubaida ta yi yawon addu'a har ta gaji.

Aikin ya same shi ne a kasuwar dabbobi ta Jang, ranar da ba aiki ya je nema ba. Wani dillali yana ta kuranta wata baƙar ɓauna, sai Liyaƙat ya ce, kamar mai magana cikin barci, "Ai wannan ta mutu bara." Aka fashe da dariya. Shi kuwa ya tuna ta sarai: ta wani mutum ce a ƙauyen da ke gaba da namu, wanda ya yi kukan mutuwarta aka biya shi. Cikin masu dariyar akwai wani jami'in kamfanin inshora mai tumbi. Ya daina dariya, ya jiƙa hankicinsa da kananzir ya goga a goshin ɓaunar. Baƙin rinin gashi ya fita, fari ya bayyana. Ranar Litinin Liyaƙat ya soma aiki.

Ba ya tsare mutum da tambaya. Zuwa yake lokacin tatsa, ya zauna a gefe yana duban turke da kashin da ke gindinsa. In akwai ɗan maraƙi, sai ya kwance shi ya bi bayansa a hankali. Maraƙin da uwarsa ta mutu zagaya turke yake yana kuka. Wanda aka ɓoye masa uwa kuwa hanci yake ɗagawa ya miƙe, ya ratsa gonar rake da ta auduga, har ƙofar da aka kulle ta. Haka ya yi ta tono matattun da ke raye daga nan har bakin hamada. Aka ba shi babur, aka ba shi kujera kusa da taga.

Sai bincike ya biyo ta kan Caudari Inayat, mai gonakin rabin ƙauyenmu. Ɓaunayensa goma sha ɗaya sun mutu a takarda cikin shekara biyu, duk kuwa suna kiwo a gonar surukinsa. Aka ja Liyaƙat gefe aka ce ya kau da kai. Ya rubuta. Caudari ya tara dattawa a gindin bishiyar tsakiyar gari, aka rufe wa Liyaƙat taba da ruwa: kada kowa ya miƙa masa bakin tukunyar taba mai dogon bututu da maza ke zuƙa bi da bi a majalisa, kada kowa ya ba shi ruwa a gidansa. Ina cikin matan da suka tsaya a baya suna gyaɗa kai. Haushin kunnen Buri bai sake ni ba.

Shekara bakwai a haka. Kowace Juma'a yakan zo daga Jang ya duba uwarsa, da gorar ruwansa rataye a babur. Ya yi sallama ga mazan da ke kan gadajen igiya, tukunyar taba na zagayawa tana gurnani, ba mai amsawa. Sau biyu kamfani ya ce ya koma birnin Multan a ƙara masa girma, ya ƙi. Zubaida ta ce mini ba girma yake so ba. Mafarki ɗaya yake ta yi: ya zauna a gindin bishiyar nan, hayaƙi na tashi, wani ya juyo masa da bakin tukunya, yana miƙa hannu sai ya farka.

A shekara ta bakwai Canab ya cika ya batse. Ruwa ya shafe gonaki, ya tsinke turaku, ya tafi da dabbobin gari. Mutane suka je ofis hannu wofi, aka ce musu babu kunne, babu biya. Liyaƙat ya ɗauki hutu, ya shiga kwalekwale ya bi ruwan. Kwana ashirin da shida ba labarinsa. Masunta suka ce sun gan shi inda ruwa da sama suka haɗe ba ka gane iyakarsu, yana tsaye yana kiran sunaye, hantuna da ƙahoni suna ɓullowa daga ruwa suna nufo shi. Ya tsinci wasu a tsibirin yashi, wata a kan rufin masallaci, wasu a turakun mutanen da suka rantse sun gaje su ne daga kakanni. Waɗanda ya tarar gawarsu ta maƙale a rassan itace, ya yanko kunnuwan ya zura a igiya.

Wata safiya hazo ya buɗe a bakin gari, sai ga shi a ƙafa, ya rame kamar kara, igiyar kunnuwa a wuya, ɓaunaye arba'in da uku suna biye da shi ba mai kora.

Na ce yau kam magana ta ƙare. Ashe ban gama sanin mutanenmu ba. Waɗanda aka kawo wa kunne suka karɓa suka shige gida suna murna a ɓoye. Waɗanda aka kawo wa dabba da rai suka dubi haƙarƙari a waje, nono ya ƙafe, suka ce, "Wa ya aike shi? Da kunnen ya kawo mana da ya fi." Da yamma dattawa suka zauna. Liyaƙat ya zo ya tsaya a gefen inuwar. Kowa ya saci kallon Caudari, Caudari ya kalli gemunsa. Tukunya ta zagaya sau uku, tana zuwa kusa da shi tana juyawa. Ya yi musu sallama ya tafi. A makon nan ya karɓi aikin Multan, inda aka ce yanzu shi ke koya wa sababbin masu bincike yadda ake bin maraƙi.

Ranar tafiyarsa na dama nono mai sanyi a babban kofina na tagulla, na ratsa ta gaban majalisar, a hankali don kowa ya gani, na same shi a bakin titi shi da uwarsa suna jiran mota.

"Ungo, sha."

Ya dubi kofin, ya dubi mazan. "Masi, ke ma za su rufe miki taba da ruwa."

"Ni? To su nemo wadda za ta karɓi haihuwar matansu. Riƙe da hannu biyu, sakarai, ba maraƙi ba ne, ba zai kai ka ko'ina ba."

Ya sha, nono na bin gemunsa. Bai dire kofin ba sai da ya ga gindinsa. Mota ta tsaya, ya ɗora uwarsa, ya juyo zai yi magana, na riga shi. Ban sake ganinsa ba tun daga ranar, amma ga abin da na faɗa masa.

"Tafi, puttar, ɗana," na ce. "Ran da za ka dawo, kada ka zo mini da gorar nan. Ƙofata za ka fara bugawa. In ka tarar na mutu, randa tana bayan ƙyaure, ka ɗiba da kanka."