Riga Uku da Inna Ta Mayar Mini

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Waccan” take ce mini. In tana son in yi mata wani abu, ko da ina zaune kusa da ita, sai ta juya wajen Goggo, ƙanwar babanmu da suke gida ɗaya a Gagarawa, ta ce, “A ce wa waccan ta kawo ruwa.” Haka muka taso muka tarar, ban taɓa ɗaukarsa abin damuwa ba.

Na yi aure a Gumel, ina ɗinkin mata a ɗakina. Duk wadda ta zo sai na zagaya mata tef, amma ban da Inna. Ina ni ina taɓa jikinta? Tsohuwar rigarta take ba Goggo ta kawo, ni kuma in shimfiɗa a kan atamfa in yanka.

Shekara biyu bayan an ba mu Jigawa, gab da ƙaramar salla, na sayo mata atamfa a kasuwar Maigatari, na ɗinka na aika. Ba a yi mako ba Goggo ta dawo da rigar, wai tana matse ta a hammatar hagu. Na farke na ƙara. Bayan babbar salla wata rigar ma ta dawo da saƙo iri ɗaya. Da ta ukun ta dawo a ƙarshen damina, raina ya ɓaci. Ni da matan ma'aikata ke jira a ƙofata, a ce ban iya hammata ba? Na ce wa Goggo in ƙiba Inna ta yi ta faɗa, ta daina ɗora wa almakashina laifi. Goggo ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta haɗiye.

Washegari na jefa tef a jaka na hau motar Gagarawa, ba don komai ba sai don in wanke kaina. Na tarar da Inna ita kaɗai a ɗaki. Na ce, “Inna, ɗaga hannu, yau sai na auna.” Ta ja mayafi, tana leƙen ƙofa ko Goggo za ta shigo. Fushi ya rufe mini ido, na kama hannun na ɗaga. Ta yi wani nishi ƙasa-ƙasa. A gefen nononta yatsuna suka ci karo da ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon goruba, hammatar kuma ga kaluluwa.

Tef ɗin ya faɗi daga hannuna. Ashe wata shida Inna tana gaya mini ba ta da lafiya ta hanyar da ta iya, ni kuwa ina can ina faɗan ɗinki. Ta yaya za ta ambaci nono a gaban 'yar fari? Goggo ma rantsar da ita aka yi. A ɓoye suke zuwa Sule Tankarkar wurin wani mai magani, wanda ya ce musu ciwon daji ba ya son allura, kada su kuskura su je asibiti.

Na tayar da hankalin gidan har baba ya yarda. Daga Gumel aka tura mu Kano. Bayan gwaje-gwaje, likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya ce sankara ce, sai tiyata. Inna ta dubi Goggo ta ce, “A gaya masa ba zan koma ga Ubangijina da rabin ƙirji ba.” Ta fara laluben takalminta.

Likitan ya ce ta zauna. Ya ce zai yanke ƙarin da naman da ke kewaye da shi, ya tattaro abin da ya rage ya ɗinke shi ya zauna kamar nono, ko da bai kai ɗayan ba. “Amma ba na yi miki alkawari,” in ji shi. “Sai na buɗe na gani. In ya yi nisa, duka zan cire. Da wata shida baya kuka zo, da ban yi shakka ba.”

Wannan maganar ta soke ni. Na ce wa Goggo, ina kallon ƙasa, “Ki ce mata kamar rage riga ne. Ba zubarwa ake yi ba.” Sai Inna ta ajiye takalmin.

Ranar tiyata Goggo na kwance a masauki da zazzaɓi, ni kaɗai na raka gadon har ƙofa da hantsi. Na zauna a benci ina naɗa tef a yatsa ina warwarewa. Duk nas da ta wuce sai na miƙe. Tsoro nake ji iri biyu: kada ta tafi, kada kuma ta farka ta tarar da ƙirjin a shafe, bayan ni na ce mata rage riga ne. Aka kira azahar, ban iya tashi ba.

Sai wajen la'asar aka fito da ita. Likitan ya wuce da sauri zuwa wani aikin, nas kuma ta ce ba ita za ta yi bayani ba. Na zauna gefen gadon, na kasa taɓa bargon.

Can Inna ta buɗe ido. Ta duba dama, ta duba hagu, babu Goggo, babu wanda za a aika. Idonta ya dawo kaina.

“Ke,” ta ce. “Duba mini.”

Na ɗaga bargon. Bandeji ne ya naɗe ƙirjin gaba ɗaya, amma a hagu akwai tudu, ƙarami, a inda ya kamata.

“Yana nan, Inna. Rage shi aka yi.”

Ta lumshe ido, hawaye ya gangara cikin kunnenta. “To,” ta ce, “wannan karon sai ki auna da kyau.”

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma riga ba ta sake dawo mini ba. Da kanta take ɗaga hannun, iya inda ya iya ɗaguwa.